Tauraron da ke lumshe ido: aikin dare ga matasan Rano da Kibiya

Kamar kullum, ga rubutun shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Yau mun ajiye zancen taki da na zaɓe, taurari za mu taɓa. Na san akwai wanda zai ce shi ke nan, mutumin namu ya koma duba. A'a. Duba daban, ilmin falaki daban. Mai duba yana kallon tauraro ya ce maka za ka yi arziki ko aurenka zai mutu. Mai falaki yana kallon tauraro ya rubuta lokaci, ya rubuta yawan haskensa, ya rufe littafi. Da irin wannan ilmi na biyu malamai suka san alƙibla da lokutan salla, da shi kuma dattawan manoma suke lissafin taurarin nan 28 na shekara, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, su Surayya, su Haƙa'a, su Zira'a, su Nasara, su Ɗarfa. Ku tambayi wani tsoho a ƙauyenku wane tauraro ake ciki, za ku sha mamaki.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, taurari ba duka suke tsaye a haske ɗaya ba. Akwai waɗanda ke ƙaruwa su ragu, wani cikin awanni, wani cikin kwanaki, wani sai ya yi kusan shekara. Ba ƙyalƙyalin nan da kuke gani nake nufi ba fa, wancan iskar samanmu ce ke kaɗa hasken. Wannan canji ne na gaske a jikin tauraron ko a kewayensa.

Mu ɗauki wanda ya fi sauƙi. Da hunturu bayan isha'i, ku nemo Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, ku gangara arewa da ita. Akwai wani tauraro da Larabawa suka kira Ra'asul Gul, kan dodo ke nan, Turawa suka gutsure sunan ya koma Algol. Duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49, sai haskensa ya faɗi, ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan ya dawo. Faɗuwar da dawowar duka kamar awa 10 ne. Wani yaro ɗan Ingila, John Goodricke, shi ya auna wannan lokacin ya bayyana shi a 1783, ya kuma ce watakila wani abu ne mai duhu ke giftawa ta gabansa. Gaskiyarsa: taurari biyu ne ke zagaya juna, mai dusashen haske yana yi wa mai hasken husufi. Goodricke kurma ne tun yana ƙarami, kuma yana da shekara 21 ya rasu. Da idonsa da agogo ya yi aikin.

Shi ne kuma a 1784 ya gano wani mai suna Delta Cephei, wanda nasa canjin ba na husufi ba ne. Shi kumbura yake yi ya saɓe, kamar ƙirjin mai barci, duk kwana 5 da 'yan awanni. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

To ta yaya mutum zai auna haske da ido? Akwai lamba da ake ba kowane tauraro, kuma a juye take, kamar matsayin jarrabawa: na 1 ya fi na 6. Tauraro mai lamba 1 ya ninka mai lamba 6 haske sau 100, kuma lamba 6 ita ce kusan iyakar abin da ido ke gani a wuri mai duhu sosai. Tsarin tsoho ne, daga Girkawa ya taso, kuma Abdurrahman as-Sufi ya sake bin taurarin ɗaya bayan ɗaya ya gyara lambobinsu a littafinsa na shekarar 964. Kai mai kallo, aikinka ka sami maƙwabta biyu da haskensu ba ya canzawa, ɗaya ya fi naka haske, ɗaya bai kai shi ba. Misali ɗaya 4.2 ne, ɗaya 4.8. Ka kalli wannan, ka kalli wancan, ka kalli naka. A tsakiya yake? Ka rubuta 4.5. Ya fi kusa da mai hasken? Ka rubuta 4.3 ko 4.4. Duk matar da ta taɓa ɗaga kwano biyu a kasuwa ta ce wannan ya fi wancan cika ta san aikin.

Sauƙi ko? To a nan ne wahalar take, kuma ita ce ainihin zancen yau.

Algol yana fili, kamar gida ɗaya a tsakiyar gona. Amma taurari masu canzawa da yawa a cikin cunkoso suke. Da damina, daren da aka yi ruwa sama ta wanke, ku fita bayan isha'i ku fuskanci kudu. Za ku ga kunama, da jan tauraron nan a ƙirjinta, wanda masu lissafin taurari ke kira Ƙalbu, da ƙarin wutsiyarta, Shaula. Gabas da wutsiyar akwai taurarin Na'a'im, waɗanda siffarsu ke kama da butar shayi. Daga bakin butar sai ku ga wani farin abu kamar tururi ya tashi ya ratsa sama. Larabawa na ce masa Majarra. Ba gajimare ba ne. Taurari ne da suka yi yawa har ido ya kasa raba su, kuma ta wannan kusurwa tsakiyar birnin taurarin da muke ciki take, nisan tafiyar haske ta shekara kamar 26,000. Ka ɗora tabaron hangen nesa a wurin, ko da ƙaramin nan mai ido biyu, sai ka ga kamar an watsa gero a kan baƙar tabarma.

A daidai bakin butar nan akwai wani tauraro da ake kira W Sagittarii, ɗan gidan su Delta Cephei ne, yana yawo tsakanin 4.3 da 5.1 duk bayan kwana bakwai da rabi. Kusa da shi ƙwarai, ta kudu, akwai wani mai lamba 3 da ya fi shi haske. Can gaba kaɗan ta yamma akwai ɗan uwansa X Sagittarii, shi kuma kwana 7. Julius Schmidt ne ya gano canjinsu a birnin Atina a 1866. Ido tsirara na ganinsu a wuri mai duhu. Amma nemo su fa kamar neman mutum ne a kasuwar Kurmi ana gobe salla, an ce maka yana sanye da farar riga.

Matsala ta farko ke nan: ka auna wanda ba shi ba. Ka yi wata guda kana rubuta hasken maƙwabcinsa, kana mamakin me ya sa bai canza ba. Ko mafi muni, yau ka auna wannan, gobe wancan, ka fito da canjin da babu shi. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa tsalle kai tsaye. Daga babban tauraron da kowa ya sani suke farawa, su bi siffofi, ga uku sun yi murhu, ga biyu a jere, har su iso, kuma kowane dare ta hanya ɗaya. Kamar kwatancen gida ne: daga masallacin Juma'a ka bi lungun mai shayi, gida na uku bayan rijiya. Akwai wani ɗan abu a taswirorinsu da ke burge ni. Lambar hasken maƙwabta ba a sa mata ɗigo. In tauraro 4.5 ne, sai a rubuta 45 a gefensa. Me ya sa? Don kada mutum cikin duhu ya ɗauki ɗigon alƙalami a matsayin tauraro. Kun ga inda taka-tsantsan ya kai.

Matsala ta biyu ta fi wannan wayo. Taurari biyu ko uku suna iya kusantar juna a ido har haskensu ya cakuɗe, ka gan su kamar ɗaya. In naka ya dusashe, na maƙwabcin yana nan yana cike gurbin, sai ka rubuta cewa ya fi yadda yake haske. Kada ku ce wannan matsalar talaka ce mai ƙaramin tabaro. Manyan ma ta kama su.

Ga yadda abin yake. Wata mata a Jami'ar Harvard ta Amurka, Henrietta Leavitt, ita ma kunnenta ya samu matsala, an ba ta aikin duba hotunan sama na gilashi. Ta zauna da madubi tana bin ɗigo-ɗigo a cikin wasu dunƙulen taurari biyu na can kudu masu matuƙar cunkoso. A 1908 ta fitar da jerin masu canzawa 1,777. A 1912, daga guda 25 kawai 'yan gidan Delta Cephei, ta nuna cewa wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala kumburinsa shi ya fi haske na asali. Ma'ana, in ka ƙirga kwanakinsa ka san ƙarfin fitilarsa, in ka san ƙarfin fitila ka kuma ga yadda ta dusashe a idonka, ka san nisanta. Direban dare ya san wannan da fitilar motar da ke tahowa. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya samu irin tauraron nan a cikin Andromeda a 1923, aka tabbatar cewa wani birnin taurari ne daban, ba unguwa ce a cikin namu ba.

Har yau da ma'aunin Leavitt ake auna saurin faɗaɗar sararin samaniya, kuma akwai rigima: hanya ɗaya tana ba da kusan 73, wata hanyar kusan 67. Wasu masana suka ce ai watakila cunkoso ne ya ruɗi masu 73, hasken maƙwabta ya shiga lissafinsu. Sai da aka juya sabon madubin James Webb, wanda ya fi iya raba taurari, aka sake duba sama da 1,000 daga cikinsu a 2023 da 2024. Sakamakon ya nuna cunkoso ba shi ne ya kawo bambancin ba, rigimar na nan. Abin da nake so ku gani shi ne, tambayar da yaro zai yi wa kansa a bayan gari a Kibiya, shin wannan hasken na tauraro ɗaya ne ko na biyu, ita ce tambayar da aka yi da na'urar biliyoyin daloli.

To yanzu wani zai ce, tunda suna da irin waɗannan na'urori, ina ruwan idona? Tambaya ce mai kyau. Manyan madubai kaɗan ne, layi ake bi a samu awa guda a kansu, kuma tauraro mai haske sosai yana iya cika musu ido kamar yadda rana ke ƙona hoton waya. Taurarin kuma ba sa jira. Shi ya sa tun 1911 aka kafa wata ƙungiya a Amurka, AAVSO, da ke tattara awon 'yan sa-kai daga ko'ina a duniya. Rumbunta ya haura awo miliyan 50, kuma masana na ɗiba daga ciki. Taswira kyauta ce a shafinsu, lambar mai kallo ma kyauta, ba a tambayar takardar digiri. A 2010, da aka so ɗaukar hoton tauraron nan na Hubble da ke Andromeda da madubin da ke sararin sama, 'yan sa-kai aka roƙa su bi shi na watanni don a san ranakun da ya kamata a duba.

Akwai wani mutumin New Zealand, Albert Jones. Ya yi aikin injin niƙa, ya yi tsaron kanti, ya yi aiki a kamfanin haɗa motoci. Madubinsa da hannunsa ya haɗa shi a 1948. Kafin ya rasu a 2013 ya yi awo sama da 500,000 da ido. A watan Fabrairun 1987 yana cikin mutanen farko da suka ga fashewar wani tauraro a ɗaya daga cikin dunƙulen nan da Leavitt ta yi aiki a kansu. Ya gane shi ne don ya san unguwar, ya san wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Haka a ranar 15 ga Maris 2015, wani ɗan Ostireliya, John Seach, da kyamara ta hannu, ya ga baƙon tauraro a tsakiyar butar shayin nan da na kwatanta muku. Cikin kwanaki ya yi hasken da ido ke gani. A wannan watan butar na fitowa kafin asuba. Duk wanda ya fito alwala a Rano a makon nan, baƙon na saman kansa, in da ya san taurarin wurin da ya gan shi.

Wannan ne ke ci min rai, wallahi. Yawancin masu aika awon nan daga Turai suke, da Amurka, da Ostireliya da Japan. Alhali mu aka ba wurin zama mai kyau. Muna kusan digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka muna ganin saman arewa, muna kuma ganin mafi yawan ta kudu. Bakin butar nan, a Landan ba ya tashi ko digiri 10 daga ƙasa, cikin hayaƙi da fitilu. A wurinmu yana hawa kusan digiri 50. Hasken birnin Kano kuma yana arewa da mu, kudunmu duhu ne. Rashin wutar da muke kuka da shi, kuma ba zan daina kukan ba, ya bar mana sama irin wadda Bature ke biyan kuɗin jirgi ya je nema.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu mutum ya kalli sama ya kai rahoto. Duk ƙarshen Sha'aban me ake yi? Mutane su fita duban wata, wanda ya gani ya je ya shaida wa dagaci ko hakimi, a tantance shi, a kai har fadar Sarkin Musulmi. A ina ka gan shi, ƙarfe nawa, ina ƙahonninsa suka fuskanta? Tsarin shaida ke nan, kuma kowa ya san nauyin ya ce ya gani alhali bai gani ba. Awon tauraro ma shaida ce. In ka duba ba ka gan shi ba, ka rubuta cewa bai kai hasken maƙwabci kaza ba, wannan ma ana karɓa, yana da amfani. Abin da ba a so shi ne ka leƙa waya ka ga abin da ake tsammani sannan idonka ya "gani".

Za ku tuna ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, da jan tauraron nan na kafaɗar Jauza, Betelgeuse, ya dusashe daga wajen 0.5 zuwa 1.6. Intanet ta ɗauka: zai fashe, gobe ne, jibi ne. Daga baya aka gano ƙura ce ya fesar ta tare shi, ya dawo abinsa. Haka a 2024 aka yi ta shelar wani mai suna T Coronae Borealis, wanda ya yi bugu a 1866 da 1946, aka ce lokacinsa ya yi. Shekarar ta ƙare bai motsa ba. A duka biyun, masu yaɗawa sun fi masu fita waje su duba yawa nesa ba kusa ba. Mu da muke fama da labaran ƙarya a wayoyinmu kullum, ina ganin yaron da ya koyi cewa "ban tabbata wannan ne tauraron ba, bari in sake bin hanya" ya koyi abin da zai yi masa amfani ranar da aka turo masa hoton rikici aka ce a garinsu ne.

Kada in yi muku daɗin baki, akwai cikas. Da damina, lokacin da Majarra ta fi kyau da daddare, hadari ne ke rufe ta, sai ka yi sati ba ka samu dare ɗaya ba. Da hunturu kuma hazo. Ranar da buji ya yi kauri a haƙura, in kuma ɗan kaɗan ne, a zaɓi maƙwabtan da ke tsayi ɗaya da tauraron, don ƙura ta fi cin na ƙasa-ƙasa. Farin wata ma na wanke ƙananan taurari. Jan tauraro yana da nasa sharrin: in ka ƙura masa ido sai ya yi ta ƙara haske a idonka, don haka kallo ɗaya ake masa a kau da kai. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma leƙa WhatsApp sau ɗaya ya rushe shi. A ɗaura jar leda a bakin tocila. Manhajar Stellarium tana taimakawa wajen gane siffofi, amma a yi nazarinta tun da rana.

Sai maganar tsaro, kuma da gaske nake. A halin da ake ciki, matasa uku a kan dutse da tsakar dare riƙe da tabaron hangen nesa, kun san abin da mutane za su zata. Kafin ku fara, ku je wurin mai unguwa, ku gaishe shi, ku yi masa bayani, ku sanar da 'yan sintiri. In da hali ku nuna musu Algol ranar da zai lumshe, su gani da idonsu. Ba sai an hau duwatsun bayan gari ba ma, filin makaranta ya isa. 'Yan uwana mata kuwa, tsakar gida a buɗe take, kuma katanga na tare hasken titi. Babu abin da ke cikin aikin nan da ya ce sai namiji. Fitilun sola da ake kafawa a unguwanni, muna so, a ƙaro ma. Roƙona ga masu kafawa su sunkuyar da kansu ƙasa inda ake tafiya, don wadda aka ɗaga tana haska sama ba ta hana kowa faɗawa kwata.

Ga yadda nake ganin a fara. Mutum uku, littafi ɗaya na 'yan makaranta. Kada ku fara da cunkoson bakin buta. Ku fara da Algol ko Delta Cephei in hunturu ne, ku yi wata guda hannunku ya faɗa, sannan ku shiga kasuwa. Kowa ya yi awonsa shiru ya rubuta, kada wanda ya faɗa wa wani, sai an gama a haɗa. In ɗaya ya ce 4.4, ɗaya 4.5, ɗaya 4.6, lafiya lau, haka ido yake. In ɗaya ya ce 3, to maƙwabcin ya kama, a koma a sake bin hanya tare. A rubuta kwanan wata, sunan tauraro, maƙwabtan da aka gwada da su, yanayin sama, da lokaci. Wajen aikawa da agogon duniya ake amfani, wato a cire awa ɗaya daga namu: ƙarfe 9 na dare a Rano, 20:00 za ku rubuta. In kun wuce sha biyun dare ku kula da kwanan watan, don ƙarfe 12:30 namu, a agogon duniya jiya ce har yanzu.

Malaman kimiyya na sakandare da ke sauraro, wannan gwaji ne da ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko sinadari. Awo 20 na W Sagittarii a kan takardar zane, ɗalibi zai ga layin ya tashi da sauri ya sauka a hankali, ya ƙirga kwana bakwai da rabi da kansa.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ke da tsohon tabaro mai ido biyu a akwatin baba ko kaka, ya kakkaɓe shi ya ajiye kusa. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.